Bindigar wasa, shari'ar gaske

  Yau za mu ɗauki wata tambaya da duk mai kallon bidiyo a waya zai iya yi wa kansa, ko yana Dalijan ko Gwandu, ko Kalgo ko Birnin Kebbi. Ana ganin samari a ƙasashen waje sanye da kayan soja, sun rabu gida biyu suna harbin juna da bindigogi masu fitar da ƙwallayen roba, ana gamawa a yi musabaha kowa ya kama gabansa. Sunan wasan eyasof. To, shin ɗalibin da bai kai shekara 18 ba zai iya mallakar irin wannan bindiga a nan Nijeriya? In ba zai iya ba, wace hanya ta rage masa?

Wasa da bindigar ƙarya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun yi bindigar kara, yayyenmu sun yi bindigar ashana, mu ma mun riƙe danƙo mun bi tsuntsaye a bayan gari, ga kuma bindigar ruwa da ake saya wa ƙanne da Sallah. Amma duk waɗannan, ko daga nesa aka hango su an san na wasa ne. Bindigar eyasof kuwa da gangan aka ƙera ta don ta yi kama da ta gaske, tsayi da launi da siffa, wani lokaci har da nauyi. Wannan kamannin shi ne ke jan hankalin samari, kuma shi ne tushen duk matsalar da za mu tattauna.

Mece ce bindigar eyasof?

A ƙasar Japan aka fara ƙera ta a shekarun 1970. Dokar Japan ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindigar gaske, shi ya sa masu sha'awa suka koma ga kwaikwayo. Harsashinta ƙwallon roba ne mai faɗin milimita 6, wanda aka fi amfani da shi kuma nauyinsa giram 0.20 ne. Iri uku ce. Akwai mai sifirin, wadda ake ɗanawa da hannu kafin kowane harbi. Akwai mai batir, wadda ke iya ɓarin ƙwallaye a jere. Akwai kuma mai iskar gas. Baƙaƙen bindigogin roba masu harsashi da ake kasawa a kasuwa lokacin Sallah, ƙannen mai sifirin ɗin ne, sai dai ba su kai ta ƙarfi ba.

'Yan ajin kimiyya, ku ɗauko biro. Matsakaiciyar bindigar eyasof tana fitar da ƙwallon da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 360 a awa. Ku ɗauki rabin nauyin ƙwallon a ma'aunin kilogiram, ku ninka da gudun, ku sake ninkawa da gudun, za ku sami jul 1. Ku riƙe wannan lissafi, domin ƙasashe da yawa da ma'aunin jul suke raba abin wasa da makami.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Babbar dokar da ke kula da bindigogi a ƙasar nan an kafa ta ne a 1959, tun kafin samun 'yancin kai, kuma har yau da ita ake aiki. Ta kasa bindigogi gida uku.

Gida na farko shi ne na makaman da aka haramta, kamar bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu da fistol. Babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

Gida na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya nema don amfanin kansa, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A cikin wannan gida ne dokar ta ambaci bindigogin da ke harbi da ƙarfin iska, dogaye da gajeru.

Gida na uku shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na mafarauta da 'yan bindigar sarki. Waɗannan kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ta cewa a kansu.

Sai kuma sharaɗin da ya fi shafarmu. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kowane iri ne. Haka ta hana a ba mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ke nan yawancin 'yan sakandare, ƙofar lasisi a rufe take a gabansu tun daga shekaru.

Wani zai ce, ai ba a ambaci eyasof a dokar ba. Gaskiya ne, domin an rubuta ta tun ba a ƙirƙiro wasan ba. Kuma dokar ta fassara bindiga da cewa makami ne mai iya kisa, don haka mai sayarwa zai iya cewa tasa ba ta kisa. Amma ku lura, bindigar eyasof da iska ko gas take tura ƙwallonta, ga shi kuma dokar ta sa bindigogin iska cikin masu buƙatar lasisi. Wa zai raba wannan gardama? 'Yan sanda ne da alƙali, kuma ba za a raba ta ba sai bayan an kama mutum, an ƙwace abin, an kira iyayensa. Rashin ambaton suna ba izini ba ne. In kuwa aka yanke cewa abin da ke hannun mutum bindiga ce marar lasisi, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Akwai kuma batun shigo da ita. Hukumar Kwastan tana da jerin kayan da aka haramta shigo da su ƙasar nan kwata-kwata, kuma gajerar bindigar iska tana cikin jerin. Saboda haka wanda ya yi odar irin wannan kaya ta intanet, ko ya roƙi wani ya tsallako masa da shi ta iyakar Kamba, ya jefa kansa da wanda ya aika cikin rigima tun kayan bai iso gida ba.

"Ai ta wasa ce" a gaban alƙali

Bari mu ba ku labarin wata shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa, wadda aka sani da shari'ar Nwachukwu. An yi fashi, aka tsorata mutane da bindiga, daga baya ta tabbata cewa ta wasa ce. Kotun farko ta kama wanda ake tuhuma da laifin fashi da makami, laifin da hukuncinsa kisa ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce bindigar wasa ba ta cikin makaman da doka ke nufi, sai ta mayar da laifin zuwa fashi zalla. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1986. Amma kun san mafi ƙarancin hukuncin fashi zalla? Ɗaurin shekara 21. Wato kasancewar bindigar ta wasa ya tsirar da wuyansa, bai tsirar da ƙuruciyarsa ba.

Ƙari a kan haka, dokar 1984 ta lissafa abubuwan da take ɗauka a matsayin muggan makamai idan aka yi fashi da su, ta sa bindigar iska a layi ɗaya da adda da wuƙa da mashi da kwari da baka. Saurayin da ya tare ɗan'uwansa a lungu da bindigar roba ya karɓe masa waya, wai don ya ba shi tsoro a yi dariya, ya sani sunan abin da ya aikata a takardar 'yan sanda ba wasa ba ne.

Kada kuma wani ya fake da cewa shi yaro ne. A kundin Final Kod da jihohin Arewa suka yi aiki da shi tun 1960, yaron da bai kai shekara 7 ba ne kawai ba a kama shi da laifi sam. Daga 7 zuwa 12 ana duba hankalinsa. Wanda ya haura haka, ana ɗaukarsa ya san abin da yake yi. Gaskiya ne shari'ar yara daban take da ta manya, kuma an fi karkata ga gyaran hali. Amma wata shida a gidan gyaran hali ya isa ya raba ɗalibi da jarrabawar WAEC da NECO ta shekararsa.

Yadda ake yi a inda wasan ya kafu

Masu bidiyon da muke kallo ba sa nuna mana dokokin da ke bayansu. A Birtaniya, wata doka ta 2006 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba kowace irin bindigar kwaikwayo. Shi ma babban, ba zai sayi mai kama da ta gaske ba sai yana da hujja, kamar rajista da filin wasan da aka sani, bayan ya yi wasa a can sau uku cikin aƙalla wata biyu. Wanda ba shi da hujja sai dai ya sayi wadda aka shafe fiye da rabin jikinta da launi mai haske, kamar shuɗi ko kore ko ruwan lemo. Yaro zai iya zuwa fili da izinin iyayensa ya karɓi hayar bindiga da tabarau, ya yi wasa ƙarƙashin kulawar alƙalin wasa, ya mayar kafin ya fita. Fita da ita kan titi ba tare da dalili ba laifi ne. Kuma mai harbi a jere in ta wuce jul 1.3, dokarsu ba ta ƙara kallonta a matsayin abin wasa.

A Faransa an hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 duk wadda ƙarfinta ya wuce jul 0.08, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na lissafin da muka yi ɗazu. A Ostareliya kuwa kusan an rufe ƙofar wasan gaba ɗaya.

A Amurka, tun 1988 doka ta wajabta sanya wa bakin bindigar kwaikwayo alama mai launin ruwan lemo. Duk da haka ba a tsira ba. Ranar 22 ga Nuwamba, 2014, a birnin Kilibland na jihar Ohayo, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice yana wasa a wurin shaƙatawa da bindigar eyasof wadda alamar bakinta ta cire. Wani ya buga wa 'yan sanda waya, har ya ce mai yiwuwa ta ƙarya ce, amma wannan bayani bai isa ga waɗanda aka tura ba. Cikin daƙiƙa biyu da isowar motarsu aka harbe shi, washegari ya rasu. Daga baya birnin ya biya iyalansa diyyar dala miliyan 6, amma kuɗi ba su dawo da shi ba.

Mu dawo gida

In haka ta faru a ƙasar da ke da filayen wasan da alamun launi, mu auna da halin da muke ciki. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. A Nuwamba 2024 'yan Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, aka rasa rayuka. Duk a jiharmu ta Kebbi. Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Soja ko ɗan sanda da ke shingen bincike, ko ɗan banga da ke gadin gari da dare, in ya hango saurayi a kan babur da abu mai siffar AK-47, ba shi da lokacin tambayar ko roba ce. Mukan ce kama da wane ba ta wane, amma wannan magana sai da rana tsaka kuma a kusa. Da magariba, daga nisan taku hamsin, kama da wane ta isa ta jawo harsashin gaske.

Hoto ma haka yake. Wanda ya ɗauki hoto da irin wannan bindiga ya ɗora a TikTok ko Facebook, hoton ba zai faɗa wa kowa cewa roba ce ba. An san 'yan bindigar daji na baje makamansu a waɗannan kafafe, kuma jami'an tsaro na bibiya. Hoton da aka ɗauka don burge abokai zai iya zama dalilin da za a ƙwanƙwasa ƙofar gidanku da asuba, ko a riƙa nuna mahaifinku da baki a kasuwa.

Ido ba shi da sifiya

Ko da babu jami'in tsaro a kusa, akwai haɗarin da ke cikin ƙwallon kansa. A fata, iyakarsa zafi da ɗan kumburi. A ido kuwa, yana iya tara jini a gaban ƙwayar ido, ya jawo yana, ko ya ɓamɓare fatar da ke can ciki wadda ke ɗaukar hoto. Yana kuma karya haƙori. Shi ya sa a filayen wasan na gaske ba a barin kowa ya shiga sai da tabarau na musamman da aka gwada ƙarfinsa. Tabaran gayu na kasuwa ba ya tare shi, yana ma iya fashewa ya ƙara ɓarna. Ƙananan bindigogin Sallah ma sun isa su lalata idon ƙaramin yaro in aka harba a kusa. A Islamiyya an karantar da mu hanin nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, da hanin harbi da tsakuwa saboda abin da yake yi wa ido da haƙori. In wani ya samu rauni a ido, kada a murza, kada a ɗiga masa komai, a rufe shi a hankali ba tare da dannawa ba a garzaya asibiti.

To, mene ne mafita?

Na farko, in kana da irin wannan bindiga a yanzu, kada ka kai ta makaranta, kada ka hau babur ko mota da ita, kada ka ɗauki hoto da ita. Ka sanar da mahaifinka ko yayanka. Su ne za su farfasa ta, ko su nemi shawarar mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kai da kanka kada ka saɓa ta ka nufi caji ofis.

Na biyu, in za a saya wa ƙanne abin wasa da kuɗin barka da Sallah, a zaɓi bindigar ruwa mai launi ja ko rawaya, wadda ba ta kama da komai sai abin wasa. Baƙa mai harsashi, a bar wa mai kaya kayansa.

Na uku, in saiti ne ke burge ka, ka sani harbi wasa ne da ake yi a gasar Olamfik tun 1896, akwai ma rukunin bindigar iska daga nisan mita 10, maza da mata. Nijeriya tana da hukumar da ke kula da wannan wasa. Ana yin sa a keɓaɓɓen wuri, a gaban mai horarwa, kuma allo ake harbi ba mutum ba. Malamin wasanni na makarantarku shi ne mutum na farko da za ku tambaya.

Na huɗu, in kakin ne da fareti ke ba ka sha'awa, ga ƙungiyoyin Sikawut da Man O' War da kadet a makarantun da ke da su. Wanda kuma ke son abin ya zama sana'arsa, ga Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Kaduna, wadda aka kafa a 1964 kuma take ɗaukar ɗalibai daga shekara 17. Ga Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano. Ƙannenku masu gama firamare kuma ga Makarantar Soja ta Zariya, wadda ta faro tun 1954. NDA da Wudil duk suna neman kiredit, har da na Turanci da Lissafi, da jarrabawar JAMB. Aikin ɗamara kuma ba ya karɓar wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi. Ke nan wanda ya fi kowa son riƙe bindiga ta halal nan gaba, shi ya fi kowa asara in aka kama shi da ta roba yau.

Na biyar, in gwada ƙarfi da dabara da haɗin kan abokai ake nema, ba mu rasa namu ba. Ga langa, ga kokawa wadda Kabawa suka yi suna a kanta, ga ƙwallon ƙafa. Babu wanda aka taɓa tarewa a shingen bincike don ya iya langa.

Wani zai kawo misalin 'yan bindigar da ke buga albarushi a hawan Sallah. Waɗannan manya ne, masarauta ta san su, hukuma ta san da zamansu, suna da rana da wurin da suke fita, kuma sama suke harbawa. Abin da ya halatta musu shi ne tsari da sanin hukuma, kuma shi ne abin da yaro mai bindigar roba a lungu ba shi da shi.

Ga iyaye da malamai da ke leƙa wannan shafi, muna roƙon a riƙa duba abin da yara ke saya da abin da ke cikin jakunkunansu. In an ga irin wannan kaya, a karɓa da lalama a yi bayani, domin yawancin yaran sha'awa ce kawai ke ɗibarsu, ba mugun nufi ba. 'Yan kasuwa masu saro kayan wasan Sallah su ma su dubi Allah, su bar sayar wa yara abin da ko babba zai ji tsoron riƙewa a kan titi.

Aikin wannan mako ga ƙungiyoyin muhawara na makarantu shi ne: ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara dokar 1959 ta fayyace matsayin bindigogin kwaikwayo, da shekarun mai saye da launin da za a shafa musu, ko kuwa a haramta su gaba ɗaya? Ku tattauna da malamanku, ku rubuto mana hujjojin ɓangarorin biyu, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Kafin nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.